Shin Ko Kun San? Abin da Motar Haya Ke Nuna Maka a Bayan Benayen Dubai

Shin ko kun san mutum zai iya barin Dubai da hantsi a mota, ya taka ƙasar masarautu biyar, ya yi azahar a ta biyar ɗin, ba tare da ya yi gudun ganganci ba? Dubai, Sharja, Ajman, Ummul Kuwain da Ras al-Khaima a jere suke a gaɓar teku, kuma daga ta farko zuwa ta ƙarshe bai wuce kilomita 120 ba. Masarautu bakwai ne suka haɗu suka zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Shida sun haɗe ranar 2 ga Disamba, 1971, Ras al-Khaima ta biyo baya a watan Fabrairun 1972.

'Yan kasuwarmu sun daɗe suna zuwa Dubai, amma Dubai ɗin da yawancinsu suka sani ita ce filin jirgi, otal a Deira, kasuwar gwal da ofishin masu kago. Da sayayya ta ƙare, kaya sun shiga hannun masu aikawa, sai a koma ɗaki a kwanta ana jiran ranar tashi. Kwana biyun nan da ake kashewa ana kallon silin sun ishi mutum ya ga dutse, teku, gonar dabino da sahara, in ya ɗauki motar haya. Hayar ƙaramar mota a can ba ta da tsada. Inda kuɗi ke zurarewa daban ne, kuma za mu zo kansa.

Ko kun san ranakun hutun ƙarshen mako sun sauya a ƙasar? A da, Juma'a da Asabar ake hutu. Daga Janairun 2022 aka koma Asabar da Lahadi, ma'aikatan gwamnati kuma suna tashi da tsakar ranar Juma'a. Sharja ta ce ita ba ta yarda da rabin rana ba, ta ba ma'aikatanta Juma'a da Asabar da Lahadi cur. Abin da wannan ke nufi ga matafiyi shi ne hanyoyin fita gari suna cika da yammacin Juma'a, na dawowa kuma da yammacin Lahadi. Tsakanin Dubai da Sharja kuwa, cunkoson safe da na yamma a ranakun aiki sai wanda ya gani, domin dubban mutane suna kwana a Sharja inda haya ke da sauƙi, suna aiki a Dubai. Mai dabara bayan asuba yake fita.

Hannun dama ake bi, sitiyari a hagu, kamar yadda ake yi a Nijar da kuma Najeriya tun 1972. Mata suna tuƙi, kuma kamfani zai ba Hajiya mota da sunanta in takardunta sun cika.

Shin ko kun san takardun da ake nema sun danganta da irin bizar da ka shiga da ita? Baƙo mai bizar ziyara zai nuna fasfo, biza da lasisin ƙasarsa. In ƙasarsa ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da lasisinsu kai tsaye, sai ya haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, saboda haka mai lasisin Najeriya ko na Nijar ya tanadi nasa tun daga gida. Wanda ke da takardar zama a ƙasar, dole ya yi lasisin can. Yawancin kamfanoni ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, manyan motoci na alfarma ma sai mai 25.

Sai maganar kuɗin ajiya. Kamfanin zai riƙe wani adadi a katin bankinka, kuma ba ranar da ka mai da mota za a sake shi ba. Yakan kai mako uku zuwa wata guda, saboda tarar da kyamara ta rubuta maka ba lallai ta bayyana a ranar ba. Idan wani ƙaramin shago ya ce babu komai, Alhaji, bar fasfo kawai a madadin kuɗi, ka ɗauki jakarka ka yi gaba. Doka ba ta yarda a riƙe fasfon mutum jingina ba, kuma ranar da rigima ta tashi kan wani ƙarzanen fenti, mai fasfonka a aljihun tebur shi ke da bakin magana.

Kafin ka tayar da mota, kunna kyamarar wayarka ka zagaya ta a hankali, ma'aikacin yana tsaye. Ka ɗauki bamba gaba da baya, gefen ƙofofi, madubai, gilashin gaba inda tsakuwa kan fasa ɗan ɗigo, da bakin rim inda ake gogar dakalin titi. Buɗe but ka tabbatar akwai safaya da jak. Shiga ciki ka ɗauki allurar mai da lambar kilomita. Duk tabon da ka gani ka sa a yi masa alama a jikin zanen motar da ke takardar yarjejeniya. Minti biyar ne, amma su ne shaidarka. Ka kuma tambaya ko an ƙayyade kilomitar da za ka ci a rana, don wasu kamfanonin suna yi, kuma duk abin da ya haura sai ka biya.

Ko kun san a Dubai ana biyan kuɗin hanya ba tare da an tsaya ba? Tsarin sunansa Salik, an fara shi a Yulin 2007. Babu shinge, babu mai miƙo rasit. Ƙarfe ne ya gitta saman titi, akwai ɗan tambari manne a gilashin motar, kana wucewa a zare kuɗin. Shekaru da yawa dirhami 4 ne duk wucewa. Daga ƙarshen Janairun 2025 ya zama dirhami 6 a lokutan cunkoso, 4 a sauran lokuta, kyauta daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe. Mai motar haya ba ya jin komai a lokacin, sai a ƙarshe kamfani ya tara masa lissafi, ya ɗora ɗan ladansa a kan kowace wucewa. Abu Dhabi ma tana da nata, Darb, tun 2021, a kan gadojin shiga birnin, inda safe da yamma kawai ake caji, ranar Lahadi kuma kyauta.

Ga wadda ta fi cin baƙi. Shin ko kun san allon gudu iri ɗaya yana da ma'ana biyu a kan titi ɗaya? A Dubai, in allo ya ce 100, kyamara ba ta ɗaukarka sai ka haura 120, wato akwai rangwamen kilomita 20. Abu Dhabi ta soke wannan rangwame a Agustan 2018. Abin da allo ya faɗa shi ne iyaka, ƙari ɗaya kyamara ta yi walƙiya. Kuma babu wata ƙofa da za ta sanar da kai ka bar wannan masarauta ka shiga waccan. Mutum yana tafe yana hira, yana ƙara ashirin ɗinsa kamar yadda ya saba tun safe, kyamarori suna gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sanda ba zai tare shi ba, ballantana a yi maganar a yi haƙuri. Lissafin yana jiran sa a kuɗin ajiya.

Riƙe waya ana tuƙi, tarar dirhami 800. Rashin ɗaura bel, 400, kuma tun 2017 dokar ta haɗa da na kujerar baya. Yaron da bai wuce shekara 4 ba sai a kujerar yara, kamfanonin haya suna bayarwa in ka nema. Tsallake jar wuta ita ce babbar masifa: tarar dirhami 1,000, a tsare mota kwana 30, kuma a Dubai tun 2023 kuɗin fanso ta dirhami 50,000 ne. Da yake an ɗaure dirhami da dala a kan kusan 3.67, wannan ya haura dala 13,000. Motar ba taka ba ce, amma sa hannunka ne a takarda.

Layin hagu na can ƙurya na masu sauri ne. In ka ga wata jif ta manne maka a baya tana kashe-kunna fitila, kada ka yi zuciya, kada ka taka birki don ka koya masa hankali. Ba da sigina ka koma dama. Shi ma mannewar da ya yi laifi ne mai tara, amma wannan tsakaninsa da kyamara. Nuna wa wani direba yatsa ko zaginsa kuwa yana iya kai mutum gaban alƙali.

To, ina za a nufa?

Shin ko kun san daga Dubai zuwa Abu Dhabi kusan kilomita 140 ne, kwatankwacin Kano zuwa Zariya? Hanyar ita ce E11, mafi tsawo a ƙasar, ta fi kilomita 550 daga iyakar Saudiyya zuwa Ras al-Khaima. A cikin Dubai ita ake kira Titin Sheikh Zayed. Har ƙarshen shekarun 1960 babu kwalta tsakanin biranen biyu, Land Rover ake bi da ita ta rairayi da fadamar gishiri, a kafe a tura. A wani tanti da aka kafa cikin saharar da ke tsakaninsu ne Sheikh Zayed na Abu Dhabi da Sheikh Rashid na Dubai suka zauna ranar 18 ga Fabrairu, 1968, suka amince su haɗa kai, aka gayyaci sauran daga baya.

A wannan hanya abin tsoro shi ne hazon asuba na lokacin sanyi, mai danshi, wanda ke tasowa daga teku ya rufe titi har ba ka ganin motar gabanka. A Maris 2008 motoci kusan 200 suka yi karo da juna a yankin Ghantoot cikin irin wannan hazo. Yanzu in ya sauko, allunan lantarki na Abu Dhabi sukan mai da iyakar gudu 80. In ka leƙa taga da asuba ka ga gari ya yi fari fat, sha shayinka tukuna.

Babban Masallacin Sheikh Zayed yana bakin shiga Abu Dhabi. An buɗe shi a 2007, yana da ƙubba 82 da hasumiya 4, yana ɗaukar masallata sama da 40,000. Dardumar babban zaurensa da hannu aka saƙa ta a Iran, faɗinta ya haura murabba'in mita 5,000. Kabarin Sheikh Zayed, wanda ya rasu a 2004, yana harabar. Shiga kyauta ne. Wannan kowa ya san shi a hoto, don haka ba sai mun daɗe ba.

Inda ya kamata a daɗe shi ne Al-Ain. Ko kun san a kan hanyar zuwa can, E66, akwai filin tseren raƙuma inda mahayan ba mutane ba ne? Sunan filin Al-Marmoom. A da, ƙananan yara ake ɗorawa saboda rashin nauyi, yawancinsu daga ƙasashe matalauta, har abin ya jawo wa ƙasar suka, aka haramta. Yanzu wani ɗan mutum-mutumi ake ɗaurewa a bayan tozo, an sa masa riga mai launin mai raƙumi, yana riƙe da 'yar bulala. Masu raƙuman suna bin gefen fili a cikin jif, gilashi a sauke, suna danna na'ura bulalar tana juyawa, suna ihu a rediyon hannu muryarsu tana fita ta jikin mutum-mutumin, ana ta hon. Da sassafe ake yi a watannin sanyi, kuma kallo kyauta ne.

Al-Ain ɗin kanta tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Dubai, a kan iyakar Oman. Nan Sheikh Zayed ya yi wakilcin sarki daga 1946, kafin ya hau sarautar Abu Dhabi a 1966. Babu dogayen benaye, an hana. A tsakiyar garin akwai dausayi mai itatuwan dabino kusan 147,000. Kana ajiye mota ka shiga ta ƙofa, sai ƙarar titi ta ɗauke, ka bi siririyar hanya tsakanin katangu, ruwa yana gudu a 'yan magudanai a gefenka. Wannan tsarin ban-ruwa, falaj, yana jawo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa daga gindin duwatsu ba tare da inji ba, gangara kawai, kuma kowace gona da lokacin da ake buɗe mata. An gano irinsa a yankin Hili mai shekara kusan 3,000. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wuraren tarihin Al-Ain cikin kayan gadon duniya, karo na farko ga ƙasar. Manomin rani da ya san wahalar sayen fetur don injin ban-ruwa zai tsaya ya daɗe yana kallon waɗannan magudanai.

Shin ko kun san titin da ke hawa dutsen Hafeet, a bayan garin, yana da kwana 60 cikin kilomita 11.7? Dutsen ya haura mita 1,200, kwalta kuma lafiyayya ce har sama, ƙaramar mota ma tana hawa. Hawan ba shi ne matsala ba. A saukowa ne wanda bai saba ba yake ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ya ji ƙauri. Sa mota a ƙaramar giya, inji ya riƙe ta. A gindin dutsen akwai ɗaruruwan kaburbura na duwatsu masu shekara kusan 5,000, akwai kuma maɓuɓɓugar ruwan zafi a Mubazzara, inda iyalai ke shimfiɗa tabarma da yamma suna gasa nama. A cikin gari, ganuwar Al-Jahili, wadda aka gina a shekarun 1890, tana ɗauke da hotunan Wilfred Thesiger, Baturen Ingila da ya ratsa saharar Rub'ul Khali a kan raƙumi a shekarun 1940, wanda Larabawan da suka raka shi suka sa wa suna Mubarak bin London. Akwai kuma kasuwar raƙuma a bayan gari, ciniki da hayaniya da dillalai yadda aka sani.

Mu juya gabas. Ko kun san Fujaira ce kaɗai masarautar da gaɓarta take kan Tekun Oman gaba ɗaya? Sauran shida suna kallon Tekun Fasha. Kafin ka kai can sai ka ratsa duwatsun Hajar, baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa. A tsohuwar hanya, kusa da Masafi, akwai Kasuwar Juma'a, wadda ke ci kullum duk da sunanta. Rumfuna ne a jere a bakin titi: darduma an rataye, tukwanen ƙasa, dashen itatuwa, mangwaro da ayaba da rumman an jera su tsibi-tsibi, ga mai gasa masara yana fifita. Farashin farko na gwaji ne, a taya.

Sabuwar hanyar Sharja zuwa Khor Fakkan, wadda aka buɗe a Afrilun 2019, ba ta zagaya duwatsun ba, huda su ta yi. Tsawonta kilomita 89, ta ratsa ramuka 5 a cikin dutse, mafi tsawo kilomita 2.7. Khor Fakkan ɗin garin Sharja ne duk da yana can gaɓar gabas, ƙasar Fujaira ta kewaye shi. Kaɗan a arewa da shi akwai masallacin Al-Bidya, na laka da dutse, wanda masana suka kiyasta an gina shi wajajen 1446. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, ƙubbobinsa huɗu ginshiƙi ɗaya ne a tsakiya ke riƙe da su, kuma har yau ana salla a ciki.

Shin ko kun san a wannan yanki akwai ƙasa a cikin ƙasa a cikin ƙasa? Tsakanin Fujaira da Khor Fakkan wata hanya ta ratse ta shiga duwatsu zuwa Madha. Madha yankin Oman ne, amma Daular Larabawa ta kewaye shi ta ko'ina. A tsakiyar Madha kuma akwai ƙauyen Nahwa, wanda na Sharja ne. Cikin 'yan mintoci za ka fita daga Daular ka shiga Oman, ka sake shiga Daular, ka koma Oman, ka fito, babu mai tambayar fasfo. Tutoci da motocin 'yan sanda ne ke sauyawa, wani lokaci wayarka ta turo saƙon maraba da zuwa Oman. Asalin abin mubaya'a ce: dattawan Madha sun zaɓi bin Sarkin Oman, mutanen Nahwa suka tsaya ga Ƙawasim, masu sarautar Sharja. Da Turawan Ingila suka zo shata iyakoki a shekarun 1950 da 1960, jami'insu Julian Walker ƙauye-ƙauye ya riƙa bi yana tambayar mutane wa suke bi, ya zana taswira a kan amsarsu. Shi ya sa taswirar gabashin ƙasar take a yayyanke. Sai dai ka tambayi kamfanin haya kafin ka shiga, domin a takardar inshora Madha ƙasar waje ce.

Hatta ma haka take: garin Dubai ne, amma yana can cikin duwatsu, kusan kilomita 130 daga birnin. Tsohuwar hanya, E44, tana ratsa wani yanki na Oman, don haka baƙo yakan zagaya ta E102. Abin kallo a can madatsar ruwa ce mai kore shar tsakanin duwatsu, ana hayar ƙananan kwale-kwale. Ranar Asabar da rana wurin ajiye mota ma wahala yake.

Ko kun san dusar ƙanƙara tana sauka a Daular Larabawa? Ta sauka a dutsen Jais na Ras al-Khaima a 2004, 2009 da 2017. Shi ne dutse mafi tsawo a ƙasar, ko da yake ainihin ƙololuwarsa mai mita 1,934 tana ɓangaren Oman. Sama ta fi ƙasa sanyi da kusan digiri 10, saboda haka a tafi da rigar sanyi, a kuma cika tanki tun daga gari. A 2018 aka buɗe wata igiyar ƙarfe mai tsawon kilomita 2.83 a can, ana rataye mutum rub da ciki ya sulala ta saman kwazazzabo da gudun da ya haura kilomita 120 a awa. Ta shiga kundin Guinness a matsayin mafi tsawo a duniya. Mu dai mun yafe, kallo daga bakin titi ya wadatar.

Duwatsun nan suna da wani haɗari da ba a zata a ƙasar sahara. Ruwan sama ba ya shiga dutse, gangarowa yake gaba ɗaya cikin kwari. Busasshen rafin da ka ajiye mota a ciki kana cin abinci yana iya cika cikin mintoci, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda kake ba. Shiga kwari lokacin ambaliya laifi ne: tarar dirhami 2,000 da tsare mota kwana 60. A Afrilun 2024 an yi ruwan da ba a taɓa aunawa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949. Wani wuri a yankin Al-Ain ya sami sama da milimita 250 cikin ƙasa da awa 24, motoci suka nutse a titunan Dubai, filin jirgi ya zama tafki.

Mai son sahara ta gaske sai Liwa, tafiyar kusan awa huɗu daga Dubai, a bakin Rub'ul Khali, tekun rairayin da ya shimfiɗu a Saudiyya, Oman, Yemen da Daular. Nan ne tushen ƙabilar Bani Yas, wadda gidajen sarautar Abu Dhabi da Dubai suka fito daga cikinta. Na Dubai, gidan Maktoum, sun ɓalle ne a 1833 da mutum kusan 800. Kwalta tana kai mutum har gindin Tal Moreeb, tudun rairayin da ake cewa ya kai mita 300, inda masu motoci ke gasar hawa a lokacin sanyi. A kan hanya akwai gidan adana motoci na Sheikh Hamad bin Hamdan, gini mai siffar dala, da marsandi bakwai masu launukan bakan gizo, da wata ƙatuwar Dodge da aka ƙera da ɗakunan kwana a cikinta.

Amma shin ko kun san inshorar motar haya tana ƙarewa ne a inda kwalta ta ƙare? Ko jif mai ja da ƙafa huɗu ka ɗauka, yawancin yarjejeniyoyi sun hana shiga rairayi. Masu shiga da nasu sukan sace iskar taya, su tafi ayari da igiya da shebur. Baƙo shi kaɗai a ƙaramar Nissan, ya ga tudu ya ba shi sha'awa ya sauka daga titi don hoto, kuɗin janwe da na gyara duk a wuyansa. A faka a gefe a taka da ƙafa.

Musandam, can a bakin mashigin Hormuz, tana da kyau: duwatsu sun faɗa cikin teku, ana yawo a jiragen katako ana kallon kifin dolfin. Ita Oman ce sosai, da shingen iyaka. Sai da bizar Oman, da takardar izini daga kamfanin haya, da inshorar da ke aiki a can. Wanda bizarsa ta Dubai ta shiga ɗaya ce, da ya fita ta mutu, ba zai dawo da ita ba. Ga yawancin masu ziyara daga wajenmu, wannan tafiya ta fi ƙarfin hutun kwana biyu.

Ko kun san farashin mai ɗaya ne a kowane gidan mai, kuma wata-wata ake sanar da shi? Haka ake yi tun Agustan 2015 da aka cire tallafi. Fetur iri uku ne, 91, 95 da 98, ƙananan motocin haya galibi 95 suke sha. Gidajen man manyan hanyoyi suna da masallaci, banɗaki da kanti, don haka salla ba ta zama matsala a tafiya. A ƙananan garuruwa, ka tsaya gaban ɗan shagon shayi ka yi hon sau ɗaya, yaro zai fito ya kawo maka karak, shayi mai madara da kayan ƙamshi, a dirhami ɗaya ko biyu, ba ka sauka ba.

In tsautsayi ya gitta, ko gogar fenti ce, kada a sasanta a bakin titi a rabu. Sai an sami rahoton 'yan sanda, domin in babu shi inshora ba ta biya, gareji ma ba ya taɓa motar. Ƙaramin haɗari ana iya kai rahotonsa ta manhajar 'yan sandan Dubai a waya, lambar gaggawa kuma 999 ce, ta motar asibiti 998. A matsar da motoci gefe in babu wanda ya ji rauni, don tare hanya ma laifi ne. Tsayawa kallon haɗarin wasu ko ɗaukar su bidiyo a watsa, shi ma akwai hukuncinsa.

Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan haura digiri 45, tafiyar ba ta da daɗi sai a cikin mota. Lokacinta Nuwamba zuwa Maris. Mai kwana ɗaya ya tafi Al-Ain, ya hau Hafeet kafin magariba. Mai kwana biyu ya bi ta Masafi ya kwana a Khor Fakkan, ya yi salla a Al-Bidya, ya dawo ta hanyar ramukan dutse. Alhaji, a zuwa na gaba ka taho da lasisinka na ƙasa da ƙasa, ka karanta takardar haya kafin ka sa hannu, kuma da ka shiga ƙasar Abu Dhabi ka bi lambar da ke kan allo daidai.